TUWONA MAINA



Akwai wata magana da ba a raba bakin Bahaushiya da ita, musamman idan an zauna gidan biki ana tambayar wa ya auri wa. Da an ce, "Shin angon ɗan ina ne?" sai ki ji wata ta gyara ɗaurin kallabi ta ce, "Ai tuwona maina aka yi, ɗan wan babanta ne." Nan take wuri ya ɗauka da masha Allahu, Allah Ya ƙara danƙon zumunci. Kowa ta gane nufi, babu mai neman ƙarin bayani. Amma da za a tare ƙofa a ce babu mai fita sai ta faɗi abin da ya haɗa tuwo da mai da ɗaurin aure, na tabbata da yawanmu a gidan bikin za mu kwana.

To asalin maganar yana cikin akushi. Duk wadda ta tashi a ƙasar Daura, ko a cikin birni ko Zango, Baure, Sandamu da Mai'aduwa, ta san tuwonmu na gero ne da dawa, domin ƙasarmu ta jigawa ce. A surfa, a bakace, a wanke, a kai niƙa, a tankaɗe, a yi talge, a tuƙa da muciya har sai kafaɗa ta gaya wa mace, sannan a kwashe da mara. A kaɗa miyar kuka ko ta busasshiyar kuɓewa da daddawa. Duk wannan wahalar, in babu man shanu a kai, maigida zai ci ne kawai don kada ya kwana da yunwa. Amma a soya man shanu da albasa a tsiyaya cokali guda a kan malmala, ƙamshin kaɗai ya isa ya sa maƙwabciya ta tuna tana da aron muciya a gidanki.

Shi kuwa mai ba a shuka shi a gona. Hatsi yana rumbun manomi, mai yana ruga. Bafulatana ce za ta tatsi saniya, ta bar nonon ya kwana ya kama, ta zuba a gora ta yi ta kaɗawa har man ya taso ya rabu da tsala, ta cure shi ƙanana-ƙanana ta jefa cikin ƙwaryar nono, ta rufe da faifai ta ɗauko a ka tun daga daji zuwa gari. A zamanin kakanninmu ba lallai sai da kuɗi ba, akwai abin da ake kira furfure, wato ki ba ta hatsi ta ba ki nono ko mai. Mazan ma haka suke yi a tsakaninsu, bayan kaka Bafulatani ya sauka da shanunsa a gonar manomi, su ci kara su bar masa taki.

Kin ga ke nan akushin tuwo guda ɗaya, gida biyu ne suka haɗu a cikinsa. Wanda Allah Ya hore wa, ga rumbu cike ga saniya a turke, shi ne ba ya jiran kowa. Bafulatana ta zo ko kada ta zo, shi dai tuwonsa ba zai kwana gaya ba. Irin wannan mutum shi ne zai bugi ƙirji ya ce tuwona, maina. Ma'ana komai nawa ne, ban ci bashi ba, ban roƙa ba, kuma babu baren da ya san abin da ke cikin tukunyata. Turawan Ingila ma suna da tasu mai kama da ita, sukan haɗa burodi da man shanu in suna nufin sana'ar da mutum ke ci da ita. Su hanyar samu suke nufi, mu kuwa mallaka da rufin asiri.

Daga madafa sai maganar ta fito tsakar gida ta shiga harkar aure. Yarinya tamu, yaro namu. Sadaki ya fita daga aljihun dama ya koma na hagu. Lefe ba a tsawwala ba, gara kuma, da buhunan hatsinta da alkaki da nakiya da man shanunta, in an kai gidan ango 'yan uwa ne dai za su ci. Daga nan ta zarce har ofis da kasuwa. In shugaba ya cika ma'aikata da 'ya'yan yayyensa da surukansa, ko ya ba ƙaninsa kwangila, sai ki ji ana cewa an yi tuwona maina, sai dai a nan da taɓe baki ake faɗa.

Kada wata ta ɗauka na zo in rushe auren zumunci ne. Halal ne, kuma babu mai haramta abin da Allah Ya halatta. Manzon Allah (S.A.W.) ya aurar da Nana Faɗima ga Sayyadina Aliyu, ɗan baffansa Abu Ɗalib, shi da kansa kuma ya auri Nana Zainab 'yar Jahshi, 'yar gwaggonsa. Ba mu kaɗai ke yi ba kuma, Sarauniya Biktoriya ta Ingila ɗan kawunta ta aura a 1840. Iyayenmu da suka riƙe shi ba wawaye ba ne. Sun san halin yaron tun yana tatata, sun san ba ya shaye-shaye, sun san gonar gado ba za ta fita dangi ba, sun san in mutuwa ta zo marayu na hannun jininsu. A ƙasarmu ma da iyaka ta ratsa dangi, wasu a Daura wasu a Matamai da Magarya da Damagaram cikin Nijar, sau da yawa irin wannan aure shi ke sa ba a manta hanyar Kwangwalam ba. Ga kuma taubasantaka, waɗanda suka tashi suna tsokanar juna da kuɗin shara a watan cika-ciki, in suka yi aure gidansu ba ya rabo da dariya.

Sai dai tun da na fara fitar da littattafaina, mata ke kirana a lambar da nake sawa a bayan bango, kuma daga abin da nake ji da wanda na gani a gidanmu, na lura akwai tsakuwa uku da kan ɓuya a cikin wannan tuwo.

Ta farko ita ce yarda. Tun ranar suna wata gwaggo za ta ɗauki jaririya ta ce, "Ga matar ɗana." A yi dariya. Shekara goma sha bakwai ana maimaitawa, har wasa ya zama alkawari, alkawari ya zama doka. Ran da yarinya ta ce ita kallon yaya take yi masa, sai a ce ta watsa wa dangi ƙasa a ido. Alhali kuwa addininmu bai yarda a ɗaura wa mace wanda ba ta so ba. Khansa'u 'yar Khizamu ta kai ƙara wurin Manzon Allah (S.A.W.) cewa mahaifinta ya aurar da ita ba da sonta ba, ya kuwa warware auren. Shirun kunya daban, shirun tsoro daban, kuma kowace uwa ta san bambancinsu in ta so ta sani.

Ta biyu ita ce rashin wurin kai kuka. Wadda ta auri bare, in ya ɓata mata takan yi yaji, a zo biko, mahaifinta ya zare wa yaron ido ya gindaya masa sharaɗi. Wadda ta auri ɗan gwaggonta fa? Uwar mijin yayar ubanta ce, uban ba ya iya ɗaga ido ya kalle ta, balle ya ce ɗanta bai kyauta ba. Duk inda yarinya ta juya, "yi haƙuri" za ta tarar, "kada ki ɓata zumunci." In kuwa abin ya kai ga saki, ba mutum biyu ke rabuwa ba. Na san wa da ƙanin da suka yi shekaru ba sa haɗa sahu a masallaci ɗaya saboda auren 'ya'yansu ya mutu. Auren da aka ƙulla don zumunci shi ya zo ya yanke shi.

Ta uku ita ce wadda ta fi ci mini rai, domin ita ba a ganinta da ido, a cikin jini take.

Yayata, wadda nake bi, ɗan Gwaggo ta aura. Babu tilas a ciki, suna son juna tun suna makarantar allo, kuma har gobe ban ga miji mai tausayin matarsa kamarsa ba. Ɗansu na fari lafiya lau. Ta biyu mace ce, tana da kamar wata bakwai hannuwanta da ƙafafunta suka fara kumbura, ta kwana tana tsala kuka, ko taɓa ta aka yi sai ta ƙara. Idanunta suka yi ɗorawa. Aka ce shawara ce, aka ce sanyi ne, aka ce iska, har wata tsohuwa a unguwa aka fara yi wa kallon mayya. Babu rubutun da ba a sha ba, babu hayaƙin da ba a yi ba. Sai da ta shekara uku aka gwada jininta a asibiti aka ce sikila ce, wato amosanin jini. Daga nan Yaya ta koma rabi a gida rabi a asibiti, yau ƙarin ruwa gobe ƙarin jini. Sarƙarta ta aure da shanun mijinta biyu duk a nan suka tafi. Yarinyar tana da shekara bakwai, cikin wani hunturu, Allah Ya karɓi abarsa.

Ranar sadakar uku ina zaune a ɗakin, Gwaggo cikin zafin rashin jikarta ta ce, "Ni dai ban san inda aka kwaso mana wannan ciwo ba, mu a danginmu babu shi." Yaya da ba ta taɓa mayar mata da magana ba ta ɗago kai, idanunta sun yi ja, ta ce a hankali, "Gwaggo, wane dangin? Ai dangin guda ne." Ɗakin ya yi tsit. Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska, muka ji ta tana kuka.

Bari in yi mana bayanin abin yadda likita ya yi wa Yaya, don da yawanmu sunan kawai muke ji. Ƙwayoyin jan jinin mai lafiya kewayayyu ne masu laushi, suna ratsa ƙananan jijiyoyi ba wahala. Na mai sikila sukan lanƙwashe su yi kamar lauje, su maƙale su toshe hanya, shi ne wannan azabar ciwon ƙashi da ƙarancin jini. Daga sunan lauje a Turanci ma aka samo kalmar sikila, kuma wani likita a birnin Shikago na Amurka ne ya fara bayyana ta a rubuce a 1910. Ba a ɗaukarta ta cin abinci tare ko ta sauro, gadonta ake yi, kuma sai an gada daga uwa da uba duka biyu. Mai AA ba ya ɗauke da ita. Mai AS yana ɗauke da rabi, amma lafiyarsa ƙalau, yana iya tsufa bai sani ba. Mai SS shi ne mai ciwon.

In AS ya auri AS, kamar a zuba ƙwayar wake huɗu ne a ƙwarya, ɗaya baƙa. Duk cikin da aka samu sai an rufe ido an ɗauki ɗaya, sannan a mayar da ita cikin ƙwaryar. Saboda haka kada wata ta ce tunda na haifi mai ciwo ɗaya, ukun da za su biyo sun tsira. Kowane ciki da nasa rabon, ɗaya cikin huɗu. Yaya ta haifi biyar, biyu suka zo da ita.

Ina ruwan wannan da tuwona maina? 'Ya'yan wa da ƙani, ko na wa da ƙanwa, kakanninsu ɗaya, kuma masana sun ce kusan kashi 1 cikin 8 na abin da suka gada a jini iri ɗaya ne. In Kaka na ɗauke da S, tana iya ba ɗanta ta ba 'yarta, su kuma su miƙa wa nasu 'ya'yan, sai a zo a haɗa su aure, abin da ya rabu ya sake gamuwa. Ba sikila kaɗai ba, har wasu larurorin gado irin su kurumta sukan bi wannan hanya, musamman a gidan da aka jera ana yi, kaka tuwona maina, uwa tuwona maina, jika ma haka. Gidan sarautar ƙasar Sifen sun yi ta auren junansu don kada mulki ya fita gida, har aka zo kan Sarki Karlos na Biyu wanda ya rayu cikin jinya ya mutu a 1700 bai bar magaji ba, sarautar da ake tsaro ta koma wani gida bayan an sha yaƙi.

Amma a yi adalci, auren bare ma bai tsira ba. A Nijeriya kusan mutum 1 cikin 4 na ɗauke da S, kuma an ƙiyasta ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da sikila duk shekara, babu ƙasar da ta kai mu a duniya. Ko daga Legas mijin ya zo, sai an gwada. Shi ya sa a 2008 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 19 ga Yuni ta zama ranar tunawa da masu wannan ciwo, a 2024 kuma Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure, har da na jinsin jini. Masu ciwon kuma ba abin gudu ba ne. Ɗan Yaya na huɗu yana nan yana karatunsa, ana kula da shi da yawan shan ruwa, da gidan sauro, da rigar sanyi, da magungunan da likita ya ɗora shi a kai. Masu SS da yawa sun yi ilimi sun yi aure da masu AA sun haifi 'ya'yan da ba su da ciwon.

Bayan rasuwar nan, Yaya ta zama ita ce mai tsaron ƙofa a danginmu. Da aka tashi haɗa autarmu da ɗan Kawu, ta je har gaban Baba ta durƙusa ta ce, "Baba, ku yi mini rai, kada a karɓi kuɗin gaisuwa sai an kai su gwaji." Baba ya ce, "Ke 'yar nan, mu da aka yi namu wa ya gwada mu? Ai komai ƙaddara ce." Ta ce, "Haka ne Baba, amma ku kuka koya mana a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali." Aka je. Shi AA, ita AS, aka sha biki, yanzu 'ya'yansu uku garau. Bayan shekara biyu aka zo kan 'yar Baffa da wani ɗan gidanmu, su kuwa duka biyu AS suka fito. An yi kuka, Baffa ya yi fushi ya ɗauke ƙafa daga gidanmu kusan shekara. Yau kowanensu na gidan aurensa da 'ya'yansa, Baffan kuma shi ke fara tambaya in an kawo maganar aure, "An dai yi gwajin ko?"

Saboda haka shawarata gare ki 'yar uwa budurwa, ki san jinsin jininki tun kafin wani ya fara tsayuwa a ƙofar gidanku. Gwajin da aka bari sai an sa rana, an ɗinka anko, an raba goro, ba gwaji ba ne, neman a rufe ido ne, don a lokacin babu mai ƙarfin halin cewa a fasa. Ku je tare, a wurin da aka amince da shi, in da hali a maimaita a wani wurin, kada ki yarda da takardar da aka kawo miki a aljihu. Ke kuma uwa, ki daina yi wa jaririya miji a zanen goyo. In sun girma sun so juna, jininsu kuma ya dace, alhamdu lillahi, a yi tuwona maina a ci da daɗi. In ɗaya ya ce a'a, ko jini ya ce a'a, to zumuncin da Allah Ya ƙulla tun daga ciki ɗaya bai rasa komai ba don ba a ɗora masa aure ba.

Mu mutanen Daura ma ai bai kamata a koya mana darajar baƙo ba. Tarihin da muka gada daga bakin kakanni ya ce Bayajida daga Bagadaza ya taso, ya biyo ta Barno da Gaya, ya sauka a gidan tsohuwa Ayana, ya kashe macijin da ya hana mutane ɗiban ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a. Magajiya Daurama ba ta ce sai ɗan gida ba, ta aure shi, aka haifi Bawo, 'ya'yan Bawo shida da Biram suka zama Hausa Bakwai. Rijiyar tana nan cikin gari har yau, duk mai so ya je ya leƙa.

Shi kansa mai rumbu da saniyar da ya fara bugun ƙirji, da ya duba miyarsa da kyau da ya ga ba duka ne nasa ba. Gishirin da ke ciki, a wancan zamani, Buzaye ne suka ɗauko shi a kan raƙuma tun daga Bilma, suka keto Sahara da shi kafin ya iso kasuwarmu. Tuwo naka, mai naka, amma in babu gishirin baƙo lami za a ci.

Allah Ya ba 'ya'yanmu mazaje nagari, na gida ko na waje. Masu fama da wannan ciwo Allah Ya ba su sauƙi, iyayensu Ya ƙara musu haƙuri, waɗanda suka riga mu kuma Ya sa masu ceto ne. Wadda ta karanta ta karanta wa wadda ba ta iya ba. Wassalam.